Bindigar Gado a Zangon Kumasi: Yadda Aka Farfaɗo da Snider Mai Shekara Fiye da 160

Asalin lamarin

Mutumin da wannan bayani ya shafa magidanci ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, direban babbar mota, mazaunin ɗaya daga cikin unguwannin Zango a Kumasi, ƙasar Ghana. Bayan rasuwar mahaifinsa, a farkon watan Maris, aka buɗe ɗakin tsohon domin rabon gado. A saman silin aka sami doguwar bindiga mai cin harsashi ɗaya, naɗe cikin buhu da tsohuwar tabarma. Dattawan gidan sun san da zamanta. Labarin da suka gada shi ne kakan kakansu ya shigo da ita garin lokacin da yake cikin askarawan Hausawa da Turawan Ingila suka ɗauka aiki. Cikin waɗanda ke raye babu wanda ya taɓa jin ƙararta.

An same ta a mummunan hali. Jar tsatsa ta lulluɓe bututun daga baki har gindi. Zanzaro ya yi gini a cikin bakin ya toshe shi. Ƙotar ta tsage a wuyanta, daidai inda hannun dama ke kamawa, gara kuma ta ɗan taɓa ƙasanta. Gudumar da ke dukan harsashi tana lilo ba ƙarfi, alamar sifirin ɗin ciki ya karye. Ƙyauren gindi, wanda ake buɗewa a saka harsashi, ya cije ko motsi ba ya yi.

Magada suka amince ta zauna a hannun babban ɗa. Burinsa biyu ne: ta yi ƙyalli, ta kuma yi ƙara a hawan Babbar Sallah da ke tafe a watan Yuni.

Wace irin bindiga ce

A jikin farantin gefen dama ana iya karanta kambin sarauta da haruffan V.R. na Sarauniya Biktoriya, da sunan Enfield, masana'antar makamai ta gwamnatin Ingila, da shekarar 1862. Wannan ya nuna an fara ƙera ta ne a matsayin bindigar ɗuri ta samfurin 1853, wadda ake zuba wa albarushi da dalma ta baki. Daga 1866 gwamnatin Ingila ta shiga yanke gindin irin waɗannan bindigogi tana ɗora musu ƙyaure mai buɗewa zuwa dama, bisa dabarar wani Ba'amurke, Jacob Snider, wanda ya rasu a wannan shekarar. Kanar Edward Boxer ne ya tsara harsashin. Sojan da a da yake harbi uku a minti ɗaya ya koma yana iya yin goma.

Tsawonta ya kusa mita 1.4, nauyinta wajen kilo 4, faɗin ramin bututun inci 0.577, wato milimita 14.7. A cikin bututun akwai kwarmi uku masu murɗawa a hankali, zagaye ɗaya cikin inci 78, don haka dalma ba ta kai rabin juyi kafin ta fita. Harsashin soja na ɗauke da baƙin albarushi kimanin giram 4.5 da dalma mai nauyin giram 31.

Irin wannan bindiga ce sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka riƙe a yaƙin Amoaful ranar 31 ga Janairu 1874, suka shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu a zamanin Asantehene, wato sarkin Asante, Kofi Karikari. Kyaftin John Glover, wanda ya kafa rundunar Hausawa a Legas a 1863, ya biyo ta gabas da nasa mutanen. Da sabuwar bindiga mai suna Martini-Henry ta karɓi wurinta a hannun sojan Ingila, sai Snider ta gangaro hannun askarawa da 'yan sandan ƙasashen da aka mallaka, ta daɗe a can. Duk mai riƙe da irinta a Kumasi ya kamata ya san da ita aka ci garin mutanen da muke zaune tare da su, ko da yake Musulmi da fataken goro sun riga ta zuwa da shekaru masu yawa. Akwai irin makaman wancan zamani a gidan tarihin soja da ke cikin tsohon sansanin soja na Kumasi, wanda aka sake ginawa a 1897, aka kuma yi wa ƙawanya a yaƙin 1900 da Yaa Asantewaa ta jagoranci Asante suka yi da Turawan Ingila.

A kan ƙotar an ga kibiyoyi biyu masu fuskantar juna, tambarin da ake bugawa idan gwamnati ta sayar da makami ya fita daga hannun soja.

Gyaran farko: Maris zuwa Afrilu

Mai bindigar ya kai ta wurin wani mai walda da ya saba yi masa aikin mota a wajen Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Mutum ne gwani a aikinsa, amma bai taɓa riƙe irin wannan ba. Ya bi bututun da sanfefa mai kaushi, inda tsatsa ta yi kauri ya shafa ruwan batir. Cikin kwana biyu ƙarfen ya yi fari. Tare da tsatsar, rabin tamburan gwaji da ke kusa da gindin bututun, waɗanda ke shaida an gwada ƙarfinsa, suka tafi, ruwan batir kuma ya bar ƙananan ramuka inda ya kwanta.

Sifirin ɗin da ya karye mai siffar V ne. Ya haɗa shi da walda. Ja na biyu da aka yi wa guduma ya sake karyewa kusa da wurin haɗin, domin zafin walda yana kashe ƙwarin da aka ba ƙarfen sifirin tun a maƙera. Tsagewar ƙota kuwa ya buga mata ƙusa biyu ya ɗaure da waya. Ƙusa ɗaya ta bi layin itacen ta ƙara tsawon tsagewar da kusan santimita uku.

Saura ƙyauren gindi. An buga shi da guduma bai buɗe ba, sai ɗan hannun da ake dannawa da babban yatsa ya lanƙwashe. Mai walda ya kawo shawarar a gasa shi da wutar gas. Ranar da za a yi hakan mai bindigar ya zo da ƙanen mahaifiyarsa, tsohon soja.

"Ɗana, wa ya gaya maka babu harsashi a cikinta?"

"Kawu, shekara nawa tana ajiye? Ai ko akwai ya mutu."

"Albarushi ba ya mutuwa don tsufa. Ɗauko ta mu tafi."

Gaskiyar tsohon ce. Baƙin albarushi idan bai jiƙe ba yana iya tashi bayan shekara ɗari. Ginin zanzaro kuma ya hana a zura sanda a auna ko ɗakin harsashi fanko ne. A nan aikin farko ya tsaya, an yi gyaran gangar Auzinawa.

Takarda: Mayu zuwa Yuli

Kawun ya ƙi yarda a sake taɓa ta kafin a sanar da hukuma. A Ghana dokar makamai ta 1962 da wadda gwamnatin soja ta yi a 1972, tare da gyare-gyaren da aka yi musu a 1996 da 2001, su ne ke tafiyar da mallakar bindiga. Rajista a wurin 'yan sanda ake yi, lasisi kuma duk shekara ake sabunta shi. Ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izini ba laifi ne. Tsufan bindiga ko kasancewarta gado ba ya ɗauke wa mutum rajista. Akwai kuma hukumar kula da ƙananan makamai da aka kafa da doka a 2007, wadda ta sha jan kunne kan harbe-harbe a wuraren biki da jana'iza.

Suka kai ta ofishin 'yan sanda mai kula da makamai, suka bayyana yadda aka same ta, da shaidar magada. Aka riƙe ta har aka gama bincike a kan mai nema. Da yake ba ta da lamba irin ta bindigogin yanzu, tamburan jikinta aka rubuta a matsayin shaida, kuma waɗanda sanfefa ta cinye sun sa sai da aka sake dubawa. Babbar Sallah ta zo ta wuce bindiga tana ma'ajiya. A ƙarshen Yuli lasisi ya fito, da izinin kai ta gyara wurin wani dattijo da ya yi aikin kula da makamai har ya yi ritaya.

Gyara na biyu: Agusta zuwa Nuwamba

Dattijon bai taɓa ta da wani ƙarfe ba a mako biyun farko. Ya jiƙa ginin zanzaro ya fitar da shi, ya zura sandar katako ya auna, ya ga akwai abu a ɗakin harsashi. Daga nan ya riƙa ɗiga kananzir gauraye da man inji a kan sandar da ƙyauren ke juyawa a kai, safe da yamma, bakin bindigar yana kallon tulin yashi. A kwana na goma sha shida ƙyauren ya motsa da bugun guntun katako. Abin da ke ciki ragowar tsohon kwanso ne irin na Boxer, siririyar tagulla da aka naɗe, da faifan ƙarfe a gindi. An riga an harba shi, amma babu wanda ya san haka sai a ranar.

Ya warware ta gaba ɗaya, ya sassaƙa bakin sukundireba daidai da tsagar kowane sukuru don kada ya ci kansa. Ƙananan ƙarafan da sanfefa ba ta taɓa ba ya tafasa su cikin ruwa. Tafasawa tana mayar da jar tsatsa baƙa, ita kuwa baƙar ba ta cin ƙarfe, kare shi take yi. Bayan sun bushe ya goge su da lallausan soson ƙarfe da mai. Bututun da aka farare ya bar shi ya yi siririyar tsatsa a laimar damina, ya tafasa, ya goge, ya maimaita har ya koma baƙi-baƙi mai duhu. Laimar Kumasi da ta lalata bindigar ita ce ta yi wannan aikin ba tare da an sayi komai ba.

Daga nan sai tambayar da komai ya rataya a kanta: bututun zai ɗauki harbi? Wannan samfurin daga cikin waɗanda aka juya ne, bututunsa na ƙarfen ƙira ne mai taushi. Samfurin Snider na uku, wanda aka ƙera sabo, shi ne ya zo da bututun sitil da sakata mai kulle ƙyaure. A wannan kuwa ɗan ƙaramin fil mai sifirin ne ke riƙe ƙyauren, sai kuma gudumar da ke danne shi lokacin harbi.

Gwaji uku ya yi. Ya tura tsumma mai matsewa daga gindi zuwa baki yana jin ko akwai inda zai yi sako-sako, alamar kumburi, babu. Ya jiƙa gindin bututun da mazaunin ƙyaure da kananzir, ya goge tas, ya shafa farin alli ya bar shi ya kwana. Da akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya zana layi a kan allin, babu layi. Sannan ya tura curin dalma mai taushi ta cikin bututun domin ta ɗauki siffar ciki. Auna ta ya ba da wuya, domin kwarmi uku ba sa fuskantar juna, kuma a irin wannan bututu kwarmin ya fi zurfi a gindi fiye da baki. Abin da ya samu ya kai kusan milimita 15, ya ɗara inci 0.577 ɗin da ake kiran harsashin da shi. A tsakiyar bututun akwai ramukan tsatsa marasa zurfi, ɗakin harsashi kuwa lafiya lau.

Sabon sifirin wani maƙeri ne ya ƙera shi daga guntun sifirin mota, yana kallon tsohon da ya karye. Na farko ya yi tauri da yawa ya ɓalle a gwaji. Na biyu, bayan an kashe shi a mai, an sake ɗumama shi a hankali har launinsa ya koma shuɗi, shi ne ya zauna. Allurar da ke dukan gindin harsashi ta lanƙwashe kaɗan, aka miƙe ta aka canza mata ɗan sifirinta. Fil ɗin da ke riƙe ƙyaure ya cinye, aka yi sabo. Dattijon ya hana a riƙa sakin guduma a kan fanko, domin hakan yana fasa mazaunin allurar.

Ƙotar ta fi komai cin lokaci. Aka zare ƙusoshi, aka wanke tsohon man da ya shiga tsagewar, domin gam ba ya kama itace mai maiƙo. Aka zuba gam mai haɗi biyu, aka dasa siraran sandunan tagulla guda biyu ta ciki inda ba za a gani ba, aka ɗaure da robar tayar keke kwana uku. Ba a kankare itacen ba. Man linsid kawai aka riƙa shafawa da tafin hannu, kaɗan-kaɗan, tambarin kibiyoyin nan ya tsira.

Neman harsashi: Satumba zuwa Disamba

Harsashin Snider ba abin da ake samu a shagunan makamai na Kumasi ba ne. Na bindigar farauta mai lamba 12 shi ne a kasuwa. Shawarwari biyu suka zo daga abokai. Ɗaya ya ce a faɗaɗa ɗakin harsashi ya ɗauki na farauta. Ɗaya ya ce a farke na farauta a yi amfani da garin cikinsa. Dattijon ya ƙi duka biyun. Faɗaɗawa zai rage kaurin ƙarfe a wurin da matsi ya fi yawa. Garin harsashin zamani kuwa marar hayaƙi ne, matsinsa yana tashi da sauri fiye da abin da aka gina wannan bututu domin shi, kuma ƙyauren da ba shi da sakata yana daidai fuskar mai harbi.

Hanyar da ta rage ita ce ta dillali mai lasisi, da izinin shigo da kaya daga ma'aikatar harkokin cikin gida. Ta ɗauki wata huɗu, kuɗinta kuma ya fi na gyaran gaba ɗaya. Harsashi ashirin suka iso, duka na baƙin albarushi: goma masu dalma daidai da inci 0.577, goma masu dalma mai taushi da ta kai faɗin da dattijon ya auna.

Ranar harbi: Janairu

An yi shi a filin harbi da hukuma ta amince da shi, mai tudun ƙasa a baya, cikin hunturu. Harbi biyun farko ba a kafaɗar kowa aka yi ba. An ɗaure bindigar a kan tsohuwar taya da buhunan yashi, aka ja kunamar da igiya daga bayan katanga. Bayan kowanne dattijon ya buɗe ƙyaure, ya ja shi baya ya zaro kwanso, ya kifar da bindigar kwanson ya faɗo, domin Snider ba ta tofar da shi da kanta. Kwanson bai tsage ba, bai kumbura ba, bugun allura yana tsakiya, babu baƙin hayaƙi a bayan ƙyaure.

Sannan mai ita ya zauna ya ɗora ta a kan buhu, allo yana nesa da mita 50. Daga ƙananan harsasan biyar, uku ne suka sami allon, biyu daga ciki sun shiga a kaikaice sun bar dogon rami. Dalmar ba ta cika kwarmin ba, ba ta sami juyin da zai miƙar da ita ba. Harsashin soja na asali ma ƙarami ne, amma yana da rami a gindi da toshi a ciki, wanda ke buɗa dalmar ta kama kwarmi idan albarushi ya tashi. Waɗannan ba su da shi.

Manyan biyar kuwa, ana goge bututu da jiƙaƙƙen tsumma bayan kowane harbi, sun taru cikin da'irar da ba ta wuce santimita 15 ba, sai dai sama da inda aka saita da kusan santimita 30. Wannan ba lahani ba ne. Matakin saiti mafi ƙasa na yadi 100 ne, kuma irin waɗannan bindigogi sun saba ɗaga harbi a kusa. Ukun ƙarshe an harba su ba gogewa, suka watse. Tokar albarushi tana ƙanƙarewa da wuri a busasshiyar iskar hunturu, dalma ta riƙa gogar ta tana lalacewa.

A ranar, kafin magariba, aka wanke bututun da ruwan zafi har ruwan ya fito fari, aka busar aka shafa mai. Tokar baƙin albarushi tana jan laima; kwana ɗaya ya isa ta fara tsatsa. Washegari aka maimaita gwajin alli, babu layi. Wuyan ƙota bai motsa ba.

Yadda aka ƙare

Mai bindigar ya janye maganar hawan Sallah da kansa, bayan ya ga ramin da dalma ta yi a tudun ƙasa. An zana saitin bindigar har yadi ɗari tara ko fiye, kuma dalmar da aka harba sama sai ta sauko a kan wani. Yanzu tana cikin akwatin katako mai kwaɗo, ba a naɗe ta da buhu ba domin buhu yana riƙe laima. Sauran harsashi biyar suna wani wuri dabam a kulle. Ana duba ta a shafa mai a farkon damina da ƙarshenta.

Abin da lamarin ya nuna

Ɓarnar da aka yi wa bindigar cikin mako shida na gyaran farko ta fi wadda shekarun silin suka yi mata. Tsatsa ta ci fatar ƙarfe, amma ta bar tamburan. Sanfefa da ruwan batir ne suka tafi da rabinsu. Ban ɗora laifin a kan mai walda ba. An kawo masa aiki da wa'adin Sallah da buƙatar ƙyalli, ya yi abin da ya iya. Wa'adin ne ya jawo kowane kuskure: guduma a maimakon jiƙo, walda a maimakon ƙira, ƙusa a maimakon gam, har aka kusa kai wuta kan gindin da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Abin da ya yi aiki a zagaye na biyu shi ne kowane mataki ya biyo bayan awo. Sanda ta nuna akwai abu a ciki kafin a buɗe. Alli ya nuna babu tsaga kafin a kashe kuɗin harsashi. Curin dalma ya faɗi irin harsashin da zai dace tun wata huɗu kafin allo ya tabbatar. Watannin da ta yi a hannun hukuma, waɗanda mai ita ya ɗauka asara ce, su ne suka cire gaggawa daga cikin aikin, su ne kuma suka ba shi damar zuwa wurin wanda ya san ta a fili ba a ɓoye ba.

A ganina harbi goma sha biyar ɗin nan sun isa. Gwajin alli yana kama tsagar da ta fito fili ne kawai, ba ya ganin abin da ke cikin naman ƙarfen da aka ƙera a 1862, ga ramukan tsatsa a tsakiyar bututu, ga ƙyaure marar sakata. Dattijon yana ganin za ta iya ɗaukar harbi kaɗan a shekara idan ana sake gwaji kafin kowane fita. Mai ita bai yanke shawara tsakanin ra'ayoyin biyu ba, amma ya ɗauki hoton duk tamburan da suka rage, ya sa kawunsa da gwaggonsa sun faɗi abin da suka ji game da kakan, an rubuta an haɗa da takardar lasisi.